Guzurin Mai Tafiyar Ƙafa da Jakar Goyo: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abinci Marar Nauyi Kuma Mai Araha

Wanda ya ƙuduri niyyar shiga daji ko hawa duwatsu na 'yan kwanaki, da tantinsa da shimfiɗarsa a gadon baya, bayan maganar takalmi babu abin da ke damunsa kamar maganar ciki. Me zai ci, nawa zai ɗauka, kuma yaya zai yi kada aljihu ya koka? Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin masu shirin irin wannan tafiya, an jero su daga na sabon shiga har zuwa na wanda ya ɗan kwana biyu a harkar.

Me ya bambanta guzurin wannan tafiya da abincin gida?

Abu uku ne. Kai za ka goya shi, babu firij, kuma wuta da ruwa a ƙididdige suke. Duk sauran dabarun da za a ambata daga waɗannan ukun suka fito.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yawancin nauyin abincin da muka saba ci ruwa ne. Giram 100 na ɗanyar shinkafa yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 360, amma da zarar an dafa ta, giram 100 ɗin bai wuce kalori 130 ba, domin ta sha ruwa ta kumbura. Ɗanyen dankalin turawa bai kai kalori 80 a giram 100 ba. Ke nan wanda ya cusa dafaffen abinci, gwangwanaye da 'ya'yan itace masu ruwa a jakarsa, ruwa yake dako, alhali ruwan nan zai iya samunsa a rafi idan ya isa zango. Ka ɗauki busasshe, ka mayar masa da ruwansa lokacin ci.

Abinci nawa zan ɗauka domin kowace rana?

Baligin da ke tafiya da kaya tun safe har yamma yana ƙona kalori tsakanin 2,500 zuwa 4,500, gwargwadon girman jikinsa, nauyin jakarsa, yawan hawa, da sanyin wurin. Idan aka mayar da wannan kan sikeli, abin da aka saba ɗauka shi ne giram 700 zuwa kilo ɗaya na busasshen abinci a kowace rana.

Ga yadda lissafin yake. Idan kana neman kalori 3,000 kuma abincinka yana ba da kalori 4 a kowane giram, giram 750 ya ishe ka. Idan kuwa kalori 3 yake bayarwa, sai ka ɗauki kilo guda cur. A tafiyar kwana biyar bambancin ya kai kilo ɗaya da kwata, kuma gwiwoyinka za su shaida hakan a gangara.

A kwana biyun farko mutane da yawa ba sa jin yunwa sosai saboda gajiya da sauyin yanayi, shi ya sa sabon matafiyi kan dawo da rabin guzurinsa. Yunwar gaske tana sauka ne bayan mako guda ko biyu a hanya. Don haka gajeriyar tafiya ba ta buƙatar a kai lissafi ƙurya, doguwa ce ke buƙata.

Yaya zan gane abin da ya cancanci shiga jaka?

Ka juya ledar, ka duba inda aka rubuta kalorin da ke cikin giram 100. Maiƙo yana ba da kalori 9 a giram ɗaya, sitaci da sukari 4, furotin ma 4, ruwa kuwa ba ya ba da komai. Man zaitun da sauran man girki sun doshi 880 a giram 100. Gyaɗa tana wajen 570, niƙaƙƙiyar gyaɗar da ake shafa wa burodi kusan 590, madarar gari mai kitse kusan 500. Ots (hatsin da ake damawa kamar kunu), kuskus da taliya suna tsakanin 360 da 390. Zabibi da dabino suna wajen 280 zuwa 300.

Abin da kake nema shi ne idan aka haɗa guzurin gaba ɗaya ya ba da kalori 4 zuwa 4.5 a kowane giram. Duk abin da ya gaza 300 a giram 100, ka tambayi kanka dalilin ɗaukarsa. Wani lokaci dalilin yana da ƙarfi, kamar albasa guda ko lemon tsami da zai farfaɗo da ɗanɗanon abincin dare, kuma wannan ba laifi ba ne in dai da saninka ka ɗauka.

To ai sai in cika jakar da mai da gyaɗa kawai, ko?

A'a. A kan takarda lissafin zai yi kyau, amma ciki ba zai yarda ba. Lokacin da kake hawa da sauri, jiki sitaci da sukari yake fara nema, maiƙo kuwa a hankali yake narkewa. Wanda ya cika cikinsa da mai da tsakar rana ya tasam ma tudu zai ji nauyi da tashin zuciya. Ka bar masu zaƙi da sitaci su raka ka a kan hanya, maiƙo da furotin su fi yawa a abincin dare, lokacin da jiki ke gyara kansa kuma yake buƙatar abin da zai ɗumama shi har asuba.

Hanya mafi sauƙi ta ƙara ƙarfi ba tare da ƙara nauyi ba ita ce zuba babban cokali ɗaya ko biyu na mai a tukunyar dare. Kowane cokali yana da kalori kusan 120. Sai dai ka zuba man a ƙaramar robar da murfinta ke ɗaurewa tam, ka kuma saka ta cikin leda biyu, domin in ya tsiyaye a jakar barci babu wankin da zai fitar da shi a daji.

Abincin nan na musamman da ake sayar wa masu tafiyar daji, dole ne in saya?

Ba dole ba ne, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa ke tafiya. Irin wannan abinci, kamar na kamfanin Mountain House, ana daskarar da shi ne sannan a zuƙe ƙanƙarar a cikin injin da babu iska, sai ya bushe ba tare da ya canza kama ba. Yana da sauƙin nauyi, yana shekaru bai lalace ba, kuma tafasasshen ruwa kawai yake buƙata. Abin da kake biya shi ne wannan aikin da wannan sauƙin. Kalorin da ke ciki kuwa za ka same shi a kayan abinci na yau da kullum a kan kuɗi kaɗan.

Kuma ka karanta ledar da kyau, domin wadda aka rubuta ta mutum biyu ce, mayunwaci ɗaya ke tashi da ita. A ganina, in aljihunka zai iya, leda guda ta isa, ka ajiye ta domin daren da ruwan sama ya yi maka duka har ba ka da ƙarfin yin komai. Sauran dare ka haɗa naka da kayan da ke amsa ta gaba.

Waɗanne kayan abinci masu araha ne za su zama ginshiƙin guzurina?

Ka fara da masu sitaci da ba sa jan lokaci a wuta. Kuskus ne kan gaba a wurina: ka zuba masa tafasasshen ruwa daidai yawansa, ka rufe minti biyar, shi ke nan. Sai siririyar taliya da ke nuna cikin minti uku zuwa biyar, taliya mai saurin dahuwa ta ƙananan ledoji, shinkafar da aka riga aka dafa aka busar, garin dankalin da ake damawa da ruwan zafi, da ots domin karin kumallo. Shinkafar da ba a taɓa dafawa ba tana cin kusan minti ashirin a wuta, busasshen wake kuwa ya fi awa. Arahar da suke da ita a kanti, gas ne zai cinye ta a daji.

Wajen furotin, madarar gari mai kitse ta fi wadda aka cire wa kitse amfani a nan. Akwai gyaɗa da danginta, akwai busasshen naman waken suya da ke laushi da zarar ya ji ruwan zafi, akwai kuma ɓararren jan lentil, wani ɗan ƙaramin dangin wake da yake nuna cikin minti goma zuwa sha biyar. Kifin da ke cikin leda ya fi na gwangwani sauƙin ɗauka, kuma ba ya barinka da ƙarfe a hannu.

Sai abin da ba ya da nauyi amma shi ke raba abinci da dusa: gishiri, garin barkono, garin tafarnuwa, busasshiyar albasa, garin tumatir, kori, kirfa, dunƙulen ɗanɗano. Ginshiƙi uku da haɗin ɗanɗano huɗu sun ba ka abincin dare iri goma sha biyu. Ka sayi babbar leda ka raba da kanka a gida, domin ƙananan ƙunshi masu zanen dutse da tanti a jiki kuɗin kwali ne kawai.

Yaya cin yini guda zai kasance a aikace?

Ga misali. Da safe ots giram 80, madarar gari giram 30, sukari giram 15, zabibi da gyaɗa giram ashirin-ashirin, duk an haɗa su a leda guda tun daga gida. Da rana faifan burodi marar yis guda biyu, irin wanda ba ya murƙushewa a jaka, da niƙaƙƙiyar gyaɗa giram 50. Abin taɓawa a hanya: gyaɗa giram 80, dabino giram 60, biskit giram 60, cakulan giram 40. Da dare kuskus giram 110, naman waken suya giram 30, mai cokali biyu, da busassun ganye da kayan ƙamshi. Idan ka tara, nauyin ya kama giram 770, kalorin kuma kusan 3,200.

Ka lura kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin yana cikin abin taɓawa. Da gangan ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma mai tafiya da kaya ya fi samun ƙarfi idan yana jefa wani abu a baki duk bayan awa ɗaya ko biyu, maimakon ya jira sai jiri ya kama shi. Ka sa na yinin a aljihun ɗamarar jaka, inda hannu zai kai ba sai ka sauke kaya ba. Abincin rana kuma kada ya zama mai buƙatar wuta, domin kunna murhu da wanke tukunya da tsakar rana ɓata lokaci ne.

Dole ne in ɗauki murhu?

Ba dole ba. Akwai masu jiƙa abinci a ruwan sanyi cikin roba mai murfi, su ci gaba da tafiya yana jiƙuwa a jaka. Kuskus da taliya mai saurin dahuwa kan yi laushi cikin kusan rabin awa, garin dankali nan take, ots kuma ana jiƙa shi da dare a sha da safe. Dabarar tana aiki ne kawai da abin da aka riga aka dafa ko aka turara kafin a busar. Ɗanyen wake ba ya cikin wannan lissafi ko kusa: jan wake musamman yana da guba da sai tafasa mai ƙarfi ke kashe ta.

Ribar a fili take, babu kuɗin murhu, babu na gas, babu nauyinsu. Amma ka gwada a gida tukuna. A lokacin zafi abin yana tafiya daidai. A daren sanyi kuwa, bayan ka jiƙe sharkaf, kofin shayi mai zafi yana yin aikin da kalori kaɗai ba ya yi, kuma ni ba na ganin barinsa a matsayin tattali.

Idan zan ɗauka, wane murhu ya fi, kuma gas nawa zai ishe ni?

Ɗan ƙaramin kan murhu da ake murɗawa a bakin gwangwanin gas shi ya fi sauƙin sarrafawa. Gwangwanayen suna zuwa da gas giram 100, 230 ko 450. A yanayi mai kyau tafasa rabin lita yana cin wajen giram 7 zuwa 10, iska da sanyi kuwa suna iya ninka hakan. Mutum ɗaya mai tafasa ruwa safe da dare kawai, ƙaramin gwangwani yakan kai shi kwana huɗu ko biyar. Domin ka san naka, ka auna gwangwanin a sikeli, ka tafasa ruwa, ka sake aunawa.

Mafi araha shi ne murhun sifirit, wanda har da gwangwanin lemon kwalba ake ƙera shi a gida. Yana da jinkiri, ba ya son iska, harshen wutarsa ba ya ganuwa sosai da rana, kuma wurare da dama suna hana amfani da shi lokacin fargabar gobarar daji. Wutar itace kyauta ce amma ba a dogara da ita, domin itacen na iya jiƙewa ko dokar wurin ta hana.

Abu biyu ba a wasa da su. Kada ka kunna murhu a cikin rufaffen tanti, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kisa. Sannan ba a shiga jirgin sama da gwangwanin gas, sai dai ka saya inda ka sauka.

Yaya zan rage cin gas?

Ka rufe tukunya da murfi. Ka girka a inda iska ba ta bugawa, ko ka tare ta da jaka ko dutse, amma kada ka kewaye gwangwanin gas da makari har zafi ya taru a jikinsa. Ka rage wutar zuwa matsakaiciya, kuma ka auna ruwan da kake buƙata kawai.

Babbar dabarar ita ce ka daina barin abinci yana ɓararraka a kan wuta. Ruwa na tafasa, ka zuba abincin, ka juya, ka kashe wutar, ka naɗe tukunyar da hula ko rigar sanyi na minti goma zuwa sha biyar. Zafin da ke ciki zai ƙarasa aikin, kuma babu ƙanzon da za ka kankare. Idan ka jiƙa lentil ko busassun ganye tun kana kafa tanti, lokacin dahuwar zai ƙara raguwa.

Zan iya busar da abinci da kaina a gida?

Ƙwarai kuwa, kuma ga wanda ke yawan tafiya wannan ce hanyar da ta fi rage kashe kuɗi. Ka dafa shinkafa, taliya, wake ko miyar tumatir kamar yadda ka saba, ka baza shi siriri a faranti, ka busar a injin busar da abinci ko a tanda mai ƙaramin zafi da ƙofarta a ɗan buɗe. Ganyaye da 'ya'yan itace ana busar da su a zafin digiri 55 zuwa 60 na ma'aunin Selshiyos. Waken da ya ci awa guda a wutar gida, bayan an busar da shi minti goma a ruwan zafi ya ishe shi. Ka ga an yi doguwar dahuwar a inda makamashi ke da araha.

Sharuɗɗan su ne: ka yanka komai ƙanana kuma daidai da juna, ka rage mai a girkin domin maiƙo ba ya bushewa kuma shi ke sa abinci ya yi warin tsohon mai, sannan ka bari ya huce sarai kafin ka rufe. Man ka zuba shi a daji. Idan bayan kwana guda ka ga gumi a cikin ledar, bai bushe ba, ka mayar da shi kafin fumfuna ta fito. Dafaffiyar shinkafa kuma kada ta yi zaman jira a kan tebur, daga tukunya sai wurin busarwa.

Nama yana buƙatar ƙarin kula. Hukumar aikin gona ta Amurka tana ba da shawarar a fara kai naman shanu zafin digiri 71, na kaza digiri 74, kafin a busar, domin zafin injin busarwa kaɗai ba ya tabbatar da mutuwar ƙwayoyin cuta. Ka zaɓi tsoka marar kitse.

Zan iya tafiya da ɗanyen nama, ƙwai ko cuku?

Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri a abinci mai danshi tsakanin digiri 5 da 60, kuma jakar da rana ke duka tana tsakiyar wannan zango. Idan kana marmarin nama, ka daskarar da shi ka ci a daren farko, kada ya wuce nan. Cuku mai tauri yana jure kwanaki in ba a tsananin zafi ba, mai laushi kuwa ka bar shi a gida. Garin ƙwai ya fi ɗanyen ƙwai dacewa da jaka. Ƙa'idar ita ce mai nauyi da mai saurin lalacewa a fara cinye su, busassu su jira kwanakin ƙarshe. Gudawa a wurin da ke da nisan yini biyu daga titi ba ƙaramin haɗari ba ce.

Tunda komai busasshe ne, ruwan fa?

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka busasshen abinci yana da riba ne kawai inda za ka sami ruwa a hanya. Kafin ka rubuta jerin abinci, ka duba taswira ka san inda rafuka da maɓuɓɓuga suke, ka kuma tambaya ko suna ƙafewa a lokacin da za ka je. A hamada, inda duk ɗigon ruwa a bayanka yake, busar da abinci ba ya rage maka komai, gara ka ɗauki wanda ake ci ba tare da jiƙawa ba.

Ruwa mai haske ba shi ne mai tsafta ba. Tafasawa ta minti ɗaya tana kashe ƙwayoyin cuta, a wurin da ya haura mita 2,000 kuma ana ba da shawarar minti uku. Ƙwayar maganin kulorin tana buƙatar kusan rabin awa, amma ba ta iya wa kiriptosiporidiyom, wata ƙwayar cuta mai jawo gudawa, sai matatar ruwa ko tafasawa. Wanda ya zaɓi jiƙa abinci a ruwan sanyi, kamar yadda aka yi bayani a amsar murhu, dole ya tsaftace ruwan jiƙon tamkar na sha.

Me ya sa nake jin kasala da ciwon kai duk da ina shan ruwa da yawa?

Yana iya zama gishiri ne ya yi ƙaranci. Gumi yana fita da gishiri, kuma wanda ke ɗura ruwa zalla yini guda yana cin kayan zaƙi kawai zai iya tsinke gishirin jininsa, abin da kan kai ga tashin zuciya da ruɗewa idan ya yi tsanani. Ka sa masu gishiri cikin abin taɓawa, ka sha romo da yamma, ka kuma ajiye ƙunshi biyu ko uku na garin gishiri da sukari na ORS a akwatin magani. Ruɗewar tunani ko amai marar tsayawa alama ce ta neman taimako, ba ta ci gaba da tafiya ba.

Yaya zan shirya kayan a cikin jaka?

Ka cire komai daga kwali da kwalba, ka auna a sikelin kicin, ka zuba kowane ci a ledarsa, ka rubuta sunansa da yawan ruwan da yake buƙata. Wasu suna ware ledar kowace rana daban, kuma ga sabon shiga wannan ya fi, domin yana hana a cinye cakulan ɗin kwana biyar a rana ta biyu. Abinci yana cikin kaya mafi nauyi, saboda haka ya zauna a tsakiyar jaka, dab da bayanka. Gas da sifirit su kasance ƙasa da shi ko a aljihun waje. Tukunya ɗaya, cokali ɗaya mai dogon hannu da kofi sun wadatar, faranti ba ya da aiki.

Ina zan ajiye abinci da dare, kuma yaya zan yi da shara?

Ba a cikin tanti ba. A yawancin wurare ɓeraye da tururuwa ne abokan gaba, kuma ɓera zai huda tanti mai tsada saboda ɓurɓushin biskit. Ka rataye jakar abincin a reshe ko ka sa ta a mazubi mai tauri nesa da makwancinka. A wuraren da ke da beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari da ke bin ƙamshin abinci, dokar ta fi tsauri: gandun Yosemite na Amurka, alal misali, yana wajabta wa masu kwana a dajinsa amfani da mazubi na musamman da dabbar ba ta iya buɗewa. Mazubin yana da iyakar abin da yake ci, wanda ƙarin dalili ne na zaɓar abinci mai ƙarfi marar cika wuri. Ana iya hayarsa maimakon saye.

Duk abin da ka shiga da shi ka fito da shi, har ɓawon lemo da ganyen shayi. Wanke-wanke a yi shi aƙalla mita 60 daga bakin ruwa, a tace ragowar abincin a zuba a ledar shara. Dabbar da ta saba da abincin mutane takan zama barazana, kuma sau da yawa ita ce ke rasa ranta a ƙarshe.

Idan tafiyar ta haura mako guda fa?

Ba a goya guzurin wata guda. Masu bin dogayen hanyoyin ƙafa na Amurka irin su Appalachian Trail, mai tsawon kusan kilomita 3,500, ko Pacific Crest Trail da ta haura kilomita 4,200, suna sauka gari duk bayan 'yan kwanaki su sake cika jaka, ko su aika wa kansu kwalin abinci ta gidan waya zuwa wuraren da babu babban kanti. Aikawa tana da amfani ga mai buƙatar abinci na musamman. Illarta ita ce abin da ka ɗauka za ka so tun kana gida yana iya ginsarka a mako na uku, ga kuɗin aike. Ni na fi karkata ga saye a hanya duk inda zai yiwu. Ranar da ka shiga gari kuma ka ci ganye da 'ya'yan itace ka more, domin su ne guzurin ya fi rasawa, kuma rashinsu ke kawo taurin bayan gida.

Idan za ka tsallaka iyaka, ka duba dokar shigar da abinci. Ostireliya da New Zealand suna da tsauri ƙwarai kan nama, zuma, iri da 'ya'yan itace, kuma rashin bayyana abin da ke jakarka yana jawo tara.

Me ke canzawa a wurin sanyi ko kan tsauni mai tsawo?

Ruwa yana tafasa a ƙaramin zafi yayin da kake hawa, kusan digiri ɗaya ke raguwa a kowace mita 300. A mita 3,000 yana tafasa a wajen digiri 90, sai abinci ya daɗe bai nuna ba. A nan ne waɗanda aka riga aka dafa aka busar ke nuna fifikonsu. Tsawo yana kuma kashe sha'awar abinci, har mai hawa dutse irin Kilimanjaro, mai mita 5,895, yakan kalli abin da yake so ya kasa ci. Ka ɗauki masu sauƙin haɗiya da abin sha mai zaƙi.

Sanyi kuwa yana ƙara yawan kalorin da jiki ke nema, yana mayar da wasu kayan zaƙi kamar dutse, yana kuma raunana gas. Nau'in gas ɗin da ake kira butan, idan zalla ne, yana daina tashi idan zafi ya sauka kusa da sifiri, shi ya sa ake neman gwangwani mai haɗin aisobutan da furofan, nau'o'in gas da suka fi jure sanyi. Ka ɗumama gwangwanin cikin rigarka kafin ka kunna. Idan ƙanƙara za ka narkar domin sha, lissafin da ke amsar gas bai ishe ka ba, sai ka ninka shi ko fiye.

Idan muna tafiya a ƙungiya, kowa ya yi nasa ko mu haɗa?

Ku haɗa abincin dare, murhu da tukunya, wannan yana rage nauyi da kuɗi. Abin taɓawa da na rana kowa ya riƙe nasa, saboda saurin tafiya da lokacin yunwa ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya rabu da ayari kada ya zama hannu rabbana. Tun kafin sayayya a tambayi kowa abin da jikinsa ba ya karɓa. Gyaɗa, madara da alkama su ne ƙashin bayan guzuri mai araha, kuma su ne ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, wani lokaci mai tsanani.

Shin in ƙara wani abu domin ko-ta-kwana?

Ka ƙara na yini ɗaya, wanda ba ya buƙatar wuta ko ruwa: gyaɗa, dabino, biskit mai tauri. Ka sa shi a ƙasan jaka, kada ka taɓa sai kogi ya cika ya tare hanya, ko ƙafa ta gurɗe, ko ka ɓata. A gajeriyar tafiya kusa da titi rabin haka ma ya isa.

Idan ka dawo gida, ka zazzage jakar abincin kafin ka zubar da komai. Ka ware na ko-ta-kwana gefe, ka auna sauran ragowar, ka rubuta abin da ya ƙare da wuri da abin da ka kasa ci. Ka auna gwangwanin gas shi ma. Wannan takardar ce za ka buɗe ranar da za ka tsara guzurin tafiya ta gaba.